Farfaɗiya: Mun Gaji Kuskuren Likitocin Dauri, Mun Bar Lurarsu

 

Akwai wata gaɓa da kusan dukkanmu mun taɓa karantawa, wasunmu ma da hannunmu muka rubuta ta. Amarya tana zaune ana shirin kai ta ɗakin miji, sai ta yanke jiki ta faɗi. Idanu suka kakkafe, jiki ya sandare, kumfa tana fita ta baki, mata suka watse suna salati. Shafi biyu a gaba sai mai karatu ya gano ashe kishiya ce ta je wajen boka, ko kuma wani aljani ne ya aure ta tun tana goye. Aka ɗauko malami, aka yi hayaƙi, aljani ya yi magana da muryar ƙato, ya yi atishawa ya fita. Daga ranar ba ta ƙara faɗuwa ba. Labari ya yi armashi, masu sharhi suka yi ta zuba yabo.

To ga irin wadda ba ta littafi ba. Lokacin da muke shekarar farko ta difloma, wata ɗaliba ta faɗi ana tsakiyar gwaji a aji. Muka dare kamar an jefo wuta, har da masu bi ta taga. Wani yana ihu kada kowa ya bari yawunta ya taɓa shi, wani kuma ya ruga neman cokali. Bayan 'yan mintoci jikinta ya saki, kuma da hankalinta ya dawo abin da ta fara lalube shi ne mayafinta. Ta ƙarasa wannan zangon karatu, amma ba wanda ya ƙara zama a kujerar da ke gefenta. Zango na gaba ba ta dawo ba. Mu da muka gudu a ranar, mu ne yau muke riƙe da alƙalami.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwaya, tunda waiwaye adon tafiya ne, mu duba yadda likitocin dauri suka yi fama da farfaɗiya kafin zuwan ƙwayoyi da na'urori. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: mutanen nan sun yi kuskure mai yawa wajen magani, amma sun ƙware wajen zama su kalli mara lafiya su rubuta abin da suka gani. Mu kuwa kuskuren muka kwaso muka zuba a littattafanmu, lurar muka bari a baya.

Mu fara da Babila, wato ƙasar Iraƙi ta yau. Masu duba marasa lafiya a can suna da wani kundi mai suna Sakikku, alluna 40 na yumɓu, wanda aka tsara fiye da shekara 1000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ciki akwai allon da ya keɓanta da farfaɗiya, kuma ɗaya daga cikin kofensa yana ajiye a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. Marubucin allon ya lissafa abin da idonsa ya gani: wuya ya karkace, hannu da ƙafa su sandare, ido ya tsaya a buɗe, kumfa ta fito, hankali ya gushe. Ya bambance wanda ke ƙwalla ƙara kafin ya faɗi da wanda abin ke kama shi cikin barci. Da aka zo kan dalili kuwa, sai ya ce wannan hannun abin bauta kaza ne, wancan na aljani ne, wancan kuma na fatalwa. Maganinsu bai wuce laya da tofi da shafe-shafe da hayaƙi ba.

Tun kafin wannan kundi ma, dokokin Sarki Hamurabi na wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sun tanadi cewa wanda ya sayi bawa, sai cutar da suke kira bennu ta kama shi kafin wata ya cika, to ya mayar da shi ya karɓi kuɗinsa. Masana suna fassara bennu da farfaɗiya. Kun ga ke nan ƙyamar ta daɗe. A wancan zamani ciniki ake warwarewa, a namu kuma baiko ake warwarewa a aiko a karɓi lefe.

Wajen shekara ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka sami wani ɗan ƙaramin littafi a ƙasar Girka da ake jingina shi ga likita Hifokiratis, wanda Larabawa ke kira Abuƙraɗ. Girkawa suna kiran farfaɗiya "cuta mai tsarki", suna ganin daga allolinsu take. Marubucin ya ce sam, cuta ce kamar kowace, kuma mazauninta ƙwaƙwalwa. Ya caccaki 'yan tsubbun zamaninsa waɗanda ke hana mara lafiya wanka, da sa baƙin tufa, da cin naman akuya, da kwanciya a kan fatarta. Ya ce wayonsu shi ne in mutum ya warke su sha yabo, in ya mutu su ɗora wa alloli. Har ya kawo hujja da mutanen nahiyarmu: in da akuya ce ke kawo cutar, da mazauna cikin ƙasar Libiya ba a sami mai lafiya a cikinsu ba, domin naman akuya suke ci, a kan fatarta suke kwana. Ya kuma ce a fasa kan akuyar da ke yin farfaɗiya a duba, za a tarar da ƙwaƙwalwarta jiƙe da ruwa tana wari.

Shi ma bai tsira daga kuskure ba. A ganinsa majina ce mai sanyi take gangarowa daga ƙwaƙwalwa ta toshe jijiyoyi. Saboda haka maganin da ya fi karkata a kai shi ne gyara abinci da tsarin rayuwa don a busar da sanyin. Amma akwai wani abu da ya lura da shi wanda ya kamata kowane marubuci ya tsaya a kansa. Ya ce waɗanda suka daɗe da ciwon suna jin zuwansa, sai su guje wa mutane, su nufi gida ko wani lungu su lulluɓe kansu, kuma kunya ce ke sa su haka. Yara ƙanana kuwa wajen uwayensu suke rugawa. Shekara 2400 ke nan da rubuta wannan. A cikin littattafanmu nawa muka taɓa nuna wannan kunyar daga cikin zuciyar mai ciwon?

A Rum abin ya fi muni. Idan wani ya faɗi a taron jama'a na zaɓe ko yanke shawara, tashi ake yi a ɗage taron, don suna ɗaukarsa mugun alami. Idan suka ga mai farfaɗiya sai su tofar da yawu wai don su mayar masa da cutar. Marubutansu irin su Selsus da Filini sun ba da labarin masu ciwon da ke shan jinin bayin da ake haɗawa faɗa da takubba a filin kallo, da ɗuminsa, bayan an kashe su. Filini ya kuma ambaci kauci, wannan tsiron da ke fitowa a kan wata bishiya, da sharaɗin kada ya taɓa ƙasa. Dabarar a bayyane take: abin da bai faɗi ƙasa ba zai hana mutum faɗuwa.

Sai Jalinus, likitan da ya rayu a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), wanda koyarwarsa ta mallaki likitanci sama da shekara 1000. Ya kasa farfaɗiya gida uku: wadda ta samo asali a ƙwaƙwalwa, wadda ke tasowa daga ciki, da wadda ke farawa daga wata gaɓa ta haura sama. Ya ba da labarin wani yaro da ya ce yana jin wani abu yana tasowa daga ƙafarsa yana hawa har kai, wani saurayi kuma ya kwatanta abin da iska mai sanyi. Kalmar Girkanci ta wannan iska, wato aura, ita ce har gobe likitoci ke amfani da ita ga alamar da wasu ke ji kafin faɗuwa. Abin lura a nan shi ne Jalinus ya sami wannan ilimi ne domin an zauna an tambayi yaro me yake ji. Maganinsa ya haɗa da wankin ciki, tsagar jijiya a zubar da jini, ruwan zuma da tsami, motsa jiki da ƙayyade abinci. Ya kuma yarda da rataya wa yaro saiwar wani fure mai suna fiyoni a wuya.

Likitocin Musulmi sun karɓi wannan gado suka faɗaɗa shi. Sunan cutar a wurinsu sar'u. Abubakar Al-Razi, wanda ya rasu wajen shekara ta 925, ya tattara bayanan magabata da abin da ya gani da idonsa a babban kundinsa Al-Hawi. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya bayyana a cikin Al-Ƙanun cewa toshewa ce ke faruwa a kogunan ƙwaƙwalwa, ta hana gaɓoɓi ji da motsi da tsayuwa yadda ya kamata. Shi ma ya dogara ne ga tsarin abinci, da wankin ciki, da ƙaho, da tsaga. Can a Ƙurɗuba ta Andalus, Al-Zahrawi ya ware babi guda a littafinsa na fiɗa a kan yi wa mai farfaɗiya lalas a ka, bayan an fara gwada magungunan sha. Mu da muka tashi muna ganin wanzami da ƙahonsa, waɗannan hanyoyi ba baƙi ba ne a wurinmu.

Turawa ba su fi kowa ba a wancan lokaci. Sun sha garin ƙoƙon kan mutum, sun huda ƙoƙon kai don wai mugun tururi ya fita, sun yi ta ziyarar wuraren waliyyansu. A shekara ta 1685, da jijjiga ta kama Sarkin Ingila Charles na Biyu a ciwon ajalinsa, likitocin fada sun zubar masa da jini, sun yi masa ƙaho, sun ɗura masa ruwan da aka tace daga ƙoƙon kan mutum. A farkon ƙarni na 19 kuma aka yi yayin wani sinadarin azurfa wanda ya rina fatar masu shansa ta koma toka-toka har mutuwa, ciwon kuwa yana nan.

Sai a shekara ta 1857 aka fara ganin haske, lokacin da Charles Locock, likitan Sarauniya Biktoriya, ya sanar a wani taron likitoci a Landan cewa gishirin buromayid ya rage wa wasu mata faɗuwa. Shi ne maganin farko da ya yi aiki da gaske, duk da cewa yana sa ƙuraje da kasala da dushewar tunani. A 1912 wani matashin likita a Jamus, Alfred Hauptmann, ya ba masu farfaɗiya finobabiton don su sami barci da dare, sai ya lura faɗuwarsu ta ragu har da rana. Har yau ana amfani da wannan magani. A 1929 Hans Berger ya wallafa yadda ya auna tafiyar lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, aka sami hanyar ganin abin da likitoci suka riga suka yi hasashe: farfaɗiya ɓarkewar lantarki ce ta ɗan lokaci a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.

Yanzu tambayar da ta fi damunmu: me ya sa magungunan da ba su aiki suka rayu dubban shekaru? Amsar tana cikin halin ciwon kansa. Yawancin faɗuwa takan tsaya da kanta cikin minti ɗaya zuwa uku, ko an yi wani abu ko ba a yi ba. Don haka duk wanda ya banka hayaƙi ko ya ɗura jiƙo a daidai lokacin, shi zai kwashe yabo. Sannan ciwon yakan yi makonni ko watanni bai dawo ba, wasu yara ma sukan rabu da shi in sun girma. Kowane mai magani ke nan yana da labarin wanda ya warkar. Shi marubucin Girka ya gano wannan wayo tun tuni. Abin takaici, gaɓar da muka buɗe da ita a sama wannan wayon take tallatawa: an yi hayaƙi, ta farfaɗo, an rufe babi. Ba mu taɓa bin yarinyar zuwa wata uku a gaba ba, ranar da za ta faɗi a bakin murhu.

Mun san abin da wasu za su rubuta a ƙasan wannan rubutu: to, musun aljanu kuke yi ke nan? A'a, ba mu musa ba, kuma ba huruminmu ba ne. Amma mu duba abin da malamai da kansu suka faɗa. Ibn Al-Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kasa sar'u gida biyu a cikin Zadul Ma'ad: wanda ya danganta da miyagun ruhohi, da wanda ke zuwa daga lalacewar ruwayen jiki, wanda shi ne fagen likitoci. Malamin da ya rayu kafin a san lantarki ya bar wa likita gurbinsa, mu kuma da wayar zamani a hannu mun toshe gurbin a labaranmu.

Sannan mu tuna hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na baƙar matar da ke fama da faɗuwa, wadda ta zo wajen Manzon Allah (SAW) neman addu'a. Aka ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da sakamakon Aljanna ko addu'ar waraka, ta zaɓi haƙuri, ta roƙi a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa yayewa in ta faɗi, aka yi mata. Bayan shekaru Ibn Abbas yana nuna ta ga ɗalibinsa a matsayin 'yar Aljanna. Ba a kore ta daga cikin jama'a ba, ba a guji inuwarta ba. Damuwarta ita ce sutura, irin damuwar 'yar ajinmu da ta farka tana laluben mayafi. Ibn Al-Ƙayyim ma ya ce mai yiwuwa ciwon wannan mata irin na jiki ne.

Wasu kuma za su ce ai ƙirƙiraren labari ne, ba littafin koyon likitanci ba. Haka ne, amma mu dubi waɗanda ke karanta mu. Akwai matar auren da ba ta taɓa jin lacca a kan farfaɗiya ba, amma ta karanta littattafanmu masu yawa a wayarta. Ranar da ɗanta zai faɗi, abin da ta gani a labari shi ne zai fara zuwa mata. In cokali ta gani, cokali za ta cusa, haƙori ya karye ko numfashi ya toshe. In gudu ta gani, gudu za ta yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa in an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. A ƙasashe matalauta, uku cikin huɗu ba sa samun maganin. Talauci da nisan asibiti suna da nasu kason a wannan giɓi, amma tsoro da ɓoyo ma suna da nasu, kuma a nan ne alƙalaminmu yake da hannu.

Ba cewa muke yi a daina rubuta tsafi da aljanu ba, kowa da jigonsa. Abin da muke roƙo shi ne in za mu ɗauko farfaɗiya, mu yi abin da mai allon Babila da Jalinus suka yi, wato mu duba, mu tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Mu san cewa ba a ɗaukar ta ta yawu ko kumfa ko taɓa jiki, kuma ba hauka ba ce. Mu san abubuwan da ke jawo ta a ƙasarmu: doguwar naƙuda da ta wahalar da jariri, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, buguwar kai a haɗarin babur, shanyewar ɓarin jiki, wani lokaci gado, sau da yawa kuma ba a gano dalili. Mu san ba kowace ce ke zuwa da faɗuwa da kumfa ba. Akwai yaron da zai yi shiru ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi a aji, malami ya zane shi a kan rashin mayar da hankali. Wannan kaɗai ya isa gajeren labari.

Kuma mu saka mutum ɗaya a cikin taron da ya san abin yi. Ya janye wuta da ruwa da duk abin da zai ji wa mutum ciwo, ya sa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, ya kwantar da shi ta gefe in jijjigar ta lafa, ya hana a danne shi ko a sa masa komai a baki, ya rufa masa jiki, ya duba agogo, in abin ya wuce minti 5 a nufi asibiti. Layi biyar ne a littafi, ba za su rage wa labari zaƙi ba. Wanda ke son ƙarin bayani, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da sauran manyan asibitocinmu, akwai kuma ma'aikatan jinya a unguwanninmu. Sama da duka akwai masu ciwon da iyayensu, in mun je musu da ladabi muka kuma riƙe sirrinsu.

Marubucin nan na Rasha, Dostoyebski, shi kansa yana da farfaɗiya, kuma ya gina ɗaya daga manyan littattafansa a kan tauraro mai wannan ciwo, ya sanya shi mafi tsarkin zuciya a cikin labarin. Mu ma za mu iya ba jarumarmu farfaɗiya ta kuma yi karatu, ta yi soyayya, ta yi kishi, ta yi kuskure irin na kowa, tana shan maganinta safe da dare. Rikicin labari ma a nan ya fi yawa: shin ta faɗa wa saurayin kafin a sa rana ko ta ɓoye? Uwarta me za ta ce? Ranar da kuɗin magani ya yanke fa?

Ranar Litinin ta biyu a watan Fabrairu ita ce ranar farfaɗiya ta duniya. Shawararmu ita ce kafin ta zagayo, duk mai iko a zauren nan ya rubuta gajeren labari guda a kan wannan jigo, bayan ya zauna da aƙalla mutum ɗaya da ya san ciwon da idonsa. Mu kawo su nan mu yi wa juna gyara, tunda gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ita kuwa 'yar ajinmu, ba mu san inda rayuwa ta kai ta ba. In Allah ya sa wannan rubutu ya iso gare ta, muna neman afuwarta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa alƙalumanmu su zama hujja gare mu. Sai mun ji ra'ayoyinku.